Akwatin gilashi, teburin katako ko ɗaki guda: wane mazauni ne zai ishi kunkurunka a cikin gida?

Jaririn kunkuru abu ne mai ruɗin ido. Tsawonsa santimita 4 ko 5, bai cika tafin hannu ba, ba ya gudu, ba ya tsalle, ba ya kuka. Sai mutum ya ɗauka ɗan akwatin da aka haɗa masa da shi a wurin saye ya wadatar har abada. Alhali kunkuru dabba ce mai yawo. A daji yakan fito ya sha hantsi, ya bi ciyawa yana tsinka, rana ta take ya shige inuwa ko rami, da la'asar ya sake fitowa. Tafiyar a hankali take, amma ba ta yankewa. Duk mazaunin da za a yi masa a cikin gida, da faɗin ƙasarsa ake auna shi. Tsayinsa zuwa sama da kyan ganinsa a falo, waɗannan na mai gida ne, kunkuru bai san da su ba.

Akwai dalilin da ya fi yawo ƙarfi. Kunkuru ba ya haɗa ɗumin jikinsa da kansa kamar kyanwa ko kare, daga waje yake samo shi. In yana son narkar da abinci sai ya je wuri mai zafi, in jikin ya ɗauki zafi sai ya koma wuri mai sanyi. Saboda haka dole mazauninsa ya kasance da gefe biyu: ƙarƙashin fitilar ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Selsiyus, ɗaya ƙarshen kuma wajen digiri 20 zuwa 24 ga irin kunkurun da suka fito daga yankin Bahar Rum da tsakiyar Asiya. A akwatin da bai wuce santimita 60 ba, wannan bambanci ba ya samuwa. Ka kunna fitila ko'ina ya yi zafi, ka kashe ko'ina ya yi sanyi, dabbar ta rasa inda za ta sa kanta. Ƙaramin mazauni ba takura kawai yake yi ba, yana ƙwace wa kunkuru hanyar da yake daidaita jikinsa.

To, nawa ne ya isa? Ma'aunin da na fi amincewa da shi a matsayin mafari shi ne na ƙa'idar kiwon dabbobi masu jan ciki da aka fitar a Jamus a 1997: tsawon mazauni ya ninka tsawon ɓawon kunkuru sau 8, faɗinsa kuma rabin wannan. Ana auna ɓawon a miƙe ne, daga gaba zuwa baya, ba a bin tudun bayansa da igiyar awo. Hanya mai sauƙi ita ce ka shimfiɗa takarda a ƙasa daf da bango, ka ɗora shi kansa na fuskantar bangon, in ya janye wuya ka ja layi a bayansa. Kunkuru mai santimita 10 yana buƙatar 80 da 40. Mai santimita 20 yana buƙatar 160 da 80. Mai 30 kuwa, 240 da 120. Ka lura da yadda abin yake hawa: in tsawon dabbar ya ninka biyu, filin da take buƙata ninkawa huɗu yake yi. Kuma wannan mafi ƙaranci ne, iyakar da bai kamata a sauka ƙasa da ita ba. Masu kiwo da yawa da suka daɗe a harkar ba sa yarda da ƙasa da santimita 240 da 120 ga baligin kunkuru ko da ƙaramin jinsi ne, wanda kusan daidai yake da fallen filawud guda, abin da ke sauƙaƙa wa kafinta aiki.

Lissafin nan da girman da kunkurun zai kai ake yin sa, ba da girman da yake a yau ba. A nan ne sanin jinsi ya zama wajibi, don jarirai duk kusan girmansu ɗaya, amma ƙarshensu ya sha bamban. Kunkurun Rasha, wanda asalinsa busassun filayen tsakiyar Asiya ne irin su Uzbekistan da Kazakistan da Afganistan, yakan tsaya tsakanin santimita 13 zuwa 25, mata sun fi maza girma. Kunkurun Hermann na kudancin Turai da na Girka mai ƙaya a cinya duk a wannan sahu suke. Waɗannan su ne za a iya cewa zaman cikin gida yana yiwuwa gare su ba tare da an tashi ɗaki ba. Mai jan ƙafa, wato mai jajayen ƙafafu, na Kudancin Amurka yakan kai santimita 30 zuwa 35. Mai zanen damisa na gabashi da kudancin Afirka yakan kai wajen 40, wasu su zarce. Sai babban yaya, sulkata na yankin Sahel, wanda duk duniya kunkurun tudu biyu ne kawai suka fi shi girma, na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Yakan kai santimita 70 ko 80, nauyinsa ya haura kilo 40, manyan maza ma su ninka haka. Ka ɗora lissafin sau 8 a kan santimita 70: mita 5.6 da mita 2.8. Babu akwatin da ake sayarwa mai wannan girma. Ga shi da haƙan rami, ga ƙarfin ture duk abin da ya tare masa hanya. Wanda ba shi da fili a waje da ɗaki mai ɗumi don lokacin sanyi, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: ya zaɓi ƙaramin jinsi tun farko, domin dabba ce da za ta iya haura shekara 50 a hannunsa.

Yanzu ga nau'o'in mazaunin kansu.

Akwatin gilashi shi ne aka fi saya, kuma shi ne ya fi ba da matsala. Don kifi ko ƙadangare mai hawa aka tsara yawancinsu, saboda haka suna da tsayi, ƙasarsu kuwa 'yar kaɗan ce. Kuɗinka ya tafi a kan sararin da kunkuru ba zai taɓa takawa ba. Sannan kunkuru bai gane bangon da ake gani ta cikinsa. Yana hango ɗaki a gabansa, sai ya yi ta tura hanci a jikin gilashi, yana bin gefe yana karta awa da awanni. Ana iya rage wannan ta hanyar manna takarda mai duhu a ƙasan gilashin daga waje, tsayin da ya wuce idonsa. Abin da ba ya gyaruwa shi ne girma: gilashin da zai kai mita biyu yana da nauyi, yana da tsada, ga saurin fashewa. Kada kuma ka ajiye shi a bakin taga da sunan shan rana. Gilashi yana tare hasken UVB, wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda shi ne jikin kunkuru yake amfani da shi wajen haɗa bitamin D3, amma yana barin zafi ya shiga ya taru, har ya kai ga kisa. Inda akwatin gilashi yake da amfani shi ne a watannin farko na jariri, musamman jinsin da ke son danshi, in dai kana da shi a ajiye. Ka saya sabo don kunkuru, ban ba da shawara ba.

Teburin kunkuru akwatin katako ne mai faɗi, gajeren bango, sama a buɗe. Shi ne zaɓin da aka fi yabawa ga kunkurun Rasha da na Hermann da na Girka bayan sun wuce ƙuruciya, kuma yabon yana da tushe. Iska na shiga tana fita. Zafin fitila yana tsayawa a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya zauna a sanyin ɗakin. Bangon ba ya nuna waje, don haka dabbar tana samun natsuwa. Kuma da yake katako ne, kai ne mai yanke girman: za a iya yi maka shi daidai bangon ɗakinka, ko a lanƙwasa shi ya bi kusurwa, ko a ƙara masa wani sashe nan gaba. Tsohuwar kantar littattafai ma in an kwantar da ita a bayanta aka cire allunan tsakiya, an samu teburi. Sai dai a shimfiɗa leda mai kauri a ciki ko a shafa wa katakon abin hana ruwa shiga, a bar shi ya bushe sarai har wari ya fita, in ba haka ba danshin ƙasa zai ruɓar da shi.

Aibin teburi shi ne ba shi da iko da yanayin da ke kansa. Duk abin da ɗakin yake, shi ma haka yake. In ɗakin yana sanyi da dare, teburin zai yi sanyi. In na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumama shi ta busar da iska, ƙasar teburin za ta bushe ƙamas cikin yini guda, fitilar da ke sama kuma tana ƙara busar da bayan kunkurun. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga jariri. Ka taɓa ganin kunkurun da bayansa ya yi tsini-tsini, kowane gida na ɓawon ya taso kamar ɗan dala maimakon ya kwanta sumul? An daɗe ana ɗora laifin wannan a kan abinci kaɗai. Wani bincike da aka yi a Vienna aka wallafa a 2003, a kan jariran sulkata, ya nuna cewa waɗanda aka rena a busasshiyar iska sun fi yin wannan tsini fiye da waɗanda aka rena cikin danshi. Abin ya yi daidai da rayuwarsu a daji, inda jarirai suke ɓuya a rami da gindin ciyawa, wurin da iska ke da laima ko da sararin sama a bushe yake. Kuma in ɓawo ya tashi a haka, ba ya komawa. Aibi na biyu: abin da yake buɗe wa iska, buɗe yake ga kare da kyanwa da ƙananan yara. Kare yakan ɗauki kunkuru a matsayin abin gwaguya, ko da karen mai hankali ne. Gidan da ke da kare yana buƙatar murfin waya mai ƙarfi a kan teburin.

Wani gargaɗi game da teburan da ake sayarwa a haɗe: da yawansu ba su wuce santimita 90 ko 120 ba, kuma an ware kashi ɗaya na wannan a matsayin ɗakin kwana mai duhu. Sunan teburi gare su, amma girman na jariri ne. Ka duba awon cikin, ka cire wurin kwanan, sannan ka gwada da lissafinka.

Rufaffen akwati, na katako ko na allon roba mai kauri irin PVC, mai ƙofar gilashi a gaba, shi ne kishiyar teburi. Yana riƙe zafi, yana riƙe danshi, kuma wutar lantarkin da yake ci ba ta kai ta buɗaɗɗen wuri ba. Ga mai jan ƙafa, wanda ya fito daga gefen dazuzzuka masu laima kuma yake son danshin iska wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, wannan shi ne zaɓin da ya dace a kowane shekaru. Haka ga jariran sulkata da na mai zanen damisa. A buɗaɗɗen teburi za ka yi ta fesa ruwa safe da yamma ba ka cim ma wannan adadi ba. Amma rufaffen wuri ba ya yafe kuskure. In babu na'urar daidaita zafi da za ta rage wuta da kanta, yana iya zama tanda cikin ɗan lokaci. In kuma aka bar shi da laima ya yi sanyi da dare, an haɗa abubuwa biyun da suka fi jawo ciwon numfashi: majina a hanci, numfashi da baki a buɗe, ƙin cin abinci. Danshi da ɗumi tare suke tafiya. Kuma da yake zafi ba ya tsere wa akwatin, samun gefe mai sanyi ya fi wuya, wato shi ma yana buƙatar tsawo, har ma fiye da teburi. Rufaffen akwati mai santimita 90 ga baligin kunkuru, duk kyansa, kurkuku ne. Ka kuma duba tsayinsa daga ciki: bayan an zuba ƙasa, sai an samu tazarar da ta dace tsakanin fitilar UVB da bayan dabbar, galibi wajen santimita 30 ko fiye, gwargwadon abin da kamfanin fitilar ya rubuta.

Tsakanin PVC da katako, na farko ya fi jure ruwa kuma ya fi sauƙin ɗauka, na biyu ya fi sauƙin gyara da ƙari. Wasu masu kiwo suna kwantar da tantin renon shuke-shuke a gefensa su mai da shi rufaffen mazauni, dabara ce mai kyau ga wanda ke son babban fili ba tare da nauyi ba, muddin an kewaye ƙasan da allo don kada farata su yaga shi.

Babbar robar ajiye kaya, wadda ba a gani ta cikinta, ba ta da kyan gani amma tana aiki ga jariri a shekararsa ta farko. Tana wankuwa, ba ta ruɓewa, in ya girme ta ka mai da ita ga wani amfani. Abin kula kawai shi ne kada fitila ta kusanci bakinta.

Sai kewayen da ake yi a ƙasa, wato a yanke wani ɓangare na ɗaki da alluna, ko a ba da ɗakin gaba ɗaya. Ga mai zanen damisa da ya girma, da sulkata a watannin da ba zai iya zama a waje ba, babu wata hanya sai wannan. Matsalarsa daɓe ne. Ƙasan ɗaki shi ne wuri mafi sanyi a gida, iskar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa a nan take bi, kunkuru kuma cikinsa a ƙasa yake. Sai an shimfiɗa abin tare sanyi, an ɗora allo, an sa leda, sannan a zuba ƙasa. Fitila guda ba ta ɗumama babban ɓawo. Tana ƙona tsakiyar bayan ne ta bar sauran jiki da sanyi, don haka ana jera biyu ko uku su rufe faɗin dabbar. Kada a haɗa wannan da sakin kunkuru ya yi ta yawo a gida kamar kyanwa. Mutane suna ganin wannan 'yanci ne, ni kuwa ina ganin shi ne mafi munin zaɓi. Babu ɗumi, babu UVB, tayil mai santsi yana sa ƙafafu su baje, yana haɗiye gashi da ɓarɓashin roba da duk abin da ya faɗi, ana iya taka shi ko ƙofa ta matse shi. Kashinsa kuma yakan ɗauki ƙwayar cutar Salmonella, a kan daɓen da yara ke rarrafe.

Duk wanda ka zaɓa, akwai abubuwan da ke cinye filin da ka ƙirga. Kwanon ruwa mai faɗi marar zurfi da zai iya shiga ya jiƙa, maɓoya a gefen sanyi, wata mai danshi kusa da ɗumi, faffaɗan dutse na cin abinci wanda yake taimakawa wajen goge baki: kafin ka ankara sulusin wurin ya tafi. Amma kada ka bar shi fayau don tsimin fili. Fili marar komai, wanda kunkuru ke hango ƙarshensa daga ko'ina, ya fi sa shi bin bango. Ɗan tudu, guntun itace, tukunyar shuka marar guba a tsakiya, suna karya gani su sa ya zagaya, sai wurin ya zame masa kamar ya fi haka girma. Wasu suna ƙara bene da matakala mai gangara don ninka fili. Yana taimakawa in gangarar ba ta da tsini kuma an yi mata kariya a gefe, amma ba ya maye gurbin ƙasa, kuma kunkurun da ya kife a ƙarƙashin fitila ba kowa a gida yana cikin haɗari.

Bango ya kamata ya ninka tsawon dabbar kusan sau biyu, a auna daga saman ƙasar da aka zuba, ba daga gindin akwati ba. Kar ka raina hawansu. Kunkurun Rasha yakan tokare a kusurwa ya haura, don haka a rufe saman kowace kusurwa da guntun allo, kada kuma a jingina maɓoya da bango ta zame masa tsani. Shi wannan jinsi mahaƙi ne, yana son ƙasa mai zurfin santimita 15 ko fiye da zai binne kansa. Ƙasar lambu marar taki da maganin ƙwari, ko zaren ɓawon kwakwa, ko gaurayensu, sun fi yashi tsantsa, wanda yakan toshe hanji in an haɗiye shi da abinci. A nan ga abin da ba a cika tunawa ba sai an gama gini: nauyi. Teburi mai santimita 240 da 120, in aka zuba masa ƙasa mai zurfin santimita 10 kacal, ya ci lita 288, wato sama da kilo 300 in ƙasar lambu ce mai danshi. Ƙafafu huɗu sirara ba za su ɗauka ba, kuma inda ka kafa shi nan zai zauna. Zaren kwakwa ya fi rashin nauyi nesa ba kusa ba. Faɗin santimita 120 kuma ya fi ƙarfin miƙa hannu, in teburin yana manne da bango ba za ka kai can ciki don shara ba. Ko ka bar hanya ta baya, ko ka rage faɗi ka ƙara tsawo. Fitilu kuwa a rataye su da sarƙa daga abu mai ƙarfi. Maƙalar da ake matsewa a bakin allo takan zame, fitila mai zafi a kan busasshen zare kuwa gobara ce.

Kunkuru biyu ba sa nufin a ƙara ɗan fili kawai. Ba dabbar garke ba ce, kaɗaici ba ya damunta. Maza biyu faɗa za su yi, da karo da cizo da kifar da juna. Namiji da mace ɗaya, zai yi ta binta ba hutu har ta rame. Ko jarirai biyu, sau da yawa ɗaya yakan mamaye wurin ɗumi da abinci, ɗayan ya tsumbure a ɓoye, mai su yana ganin suna kwana tare ya ɗauka ƙauna ce. Wanda ke da biyu ya yi lissafin mazauni biyu.

Saura tambayar ko a gina babba tun farko ko a riƙa canzawa. Ga kunkurun Rasha ko Hermann ko Girka, ni zan rena jaririn a robar ajiya ko rufaffen akwati shekara ɗaya zuwa biyu, inda danshi ke riƙuwa kuma ake iya sa masa ido, daga nan in tsallaka kai tsaye zuwa teburin girmansa na ƙarshe. Matsakaicin da ke tsakani asarar kuɗi ne. Ga mai jan ƙafa, rufaffen akwati babba tun farko, a raba shi da allo, a riƙa matsar da allon yana girma. In ɗakin da za ka ajiye shi yana sanyi sosai ko iskarsa a bushe take, ko da ƙaramin jinsi ne, ka karkata ga rufaffe, ko ka rufe rabin teburin. In ɗakin yana da ɗumi da laima da kansa, buɗaɗɗe ya fi aminci.

Kafin ka biya kuɗi ko ka kira kafinta, ɗauki igiyar awo da salatif ka zana girman a daɓen ɗakin da kake nufi, ka bar shi kwana biyu kana wucewa ta gefensa. Ka duba ko ƙofa tana buɗuwa, ko akwai soket kusa, ko rana daga taga tana faɗowa a kai. Wanda kuma ya riga ya mallaki mazauni yana shakkar ko ya yi kaɗan, ya sa ma'aunin zafi ɗaya a ƙarƙashin fitila, ɗaya a can ƙarshe, bayan fitilar ta yi awa biyu a kunne. In bambancin bai kai digiri 8 zuwa 10 ba, ko kuma kunkurun ya fi ɓata yininsa yana karta kusurwa, lokacin sake gini ya yi.